Ƙofar Da Muke Yi Wa Sallama

Shafi na 17

Masu turo min saƙo cewa na bar ku tsaye a bakin ƙofa tun shekaranjiya, ku yi haƙuri, wayata ce ta faɗa ruwan wanki. Ta farfaɗo, sai mu koma bakin ƙofar.

Ranar da asirinmu ya tonu, ruwan sama ne ya ja mana.

Kun dai san tun da Alhaji Mai Gidaje ya ninka kuɗin haya muka tattara komatsanmu muka koma bayan gari, cikin wani kango da Baba yake yi wa aikin rufi. Ɗaki ɗaya, taga babu gilashi sai kwali. Makarantarmu kuwa tana da doka: ɗan unguwa kawai take riƙewa, motarta ma 'yan unguwa take kwasa. Wanda iyayensa suka tashi, sai ya nemi wata. Ni ga ni a aji shida, jarabawar fita ta matso, bayan garin kuwa ko allon makaranta babu.

Shi ya sa Umma ta ƙirƙiro dabararta. Kullum da asuba Mai Burodi zai ɗauke mu ni da Auta a bayan motarsa, mu takure tsakanin akwatuna, ya sauke mu a tsohon layinmu. Mu tsaya a ƙofar tsohon gidanmu kamar yanzu muka fito. Da motar makaranta ta shawo kwana, sai mu juya mu ɗaga wa ƙofar hannu.

"Umma, sai mun dawo!"

Umman da ke can bayan gari tana tara ruwan yoyo a roba.

Ni a ciki-ciki nake faɗa, kunya kamar ta kashe ni. Auta kuwa, 'yar aji ɗaya, da dukan ƙarfinta take rangaɗawa, wani lokacin har da ƙarin "ki ajiye min rabona."

Gidan yanzu wata mata ce a ciki. Ba mu san fuskarta ba, labulenta kawai muka sani, ja wur a tagar ɗakinmu. Mai Jan Labule muke ce mata. Na tsane ta tsana mai tsanani, alhali ko tarinta ban taɓa ji ba.

To, a ranar mun sauka jiƙe sharkaf, taɓon bayan gari ya yi min safa har gwiwa. Layinmu na da kuwa kwalta ce, duk wanda ya ga taɓon nan ya san ba daga cikin gidan muka fito ba.

"Auta, tsaya nan ƙarƙashin kwano, kada ki motsa. Bari in wanke ƙafa a famfon kwanar layi."

"To, Yaya."

Na je na dawo, babu Auta.

Na duba bayan shago, na leƙa kwata, na yi ta kiran sunanta. Sai idona ya sauka kan ƙofar. A buɗe take, kaɗan.

Ƙofar nan tana da wani hali da mu kaɗai muka sani. Ko an kulle ta, in ka ɗaga mariƙin sama ka tura da gwiwa, buɗewa take. Baba ya sha cewa zai gyara. Kafinta ne fa, amma har muka tashi bai samu ranar ba.

Na shiga da sanɗa.

Wallahi na zaci zan tarar da kujeru masu laushi da talabijin rabin bango. Ai wadda ta iya biyan abin da ya gagari Baba, dole mai hali ce. Abin da na gani kuwa katifa ce guda, da risho, da akwatin ƙarfe, da farar rigar aiki rataye a ƙusar da Baba ya kafa wa Umma. Ɗakin ciki fayau, ko tabarma babu.

Ga Auta a kan katifar, daidai kusurwar da take kwana a da. Ta cire takalmanta ta jera su a bakin ƙofa kamar yadda Umma ta koya mata, ta ja bargon mutane ta rufa, tana ta sharar barcinta.

"Auta! Tashi, kin kashe mu!"

"Yaya ki bari," ta ce, ko ido ba ta buɗe ba. "Na ji sanyi ne na shigo gida."

Gida. Kalmar nan ta soke ni, amma ban samu damar jin zafinta ba, saboda inuwar da ta tare hasken ƙofa.

"Su waye a ɗakina?"

Doguwa ce, siririya, lema a hannu ɗaya, jaka a ɗaya. Idanunta sun yi ja irin na wanda bai runtsa ba. Ta dube ni, ta dubi Auta, ta dubi makullin da ke hannunta.

"Ta ina kuka shigo? Ni da na kulle da hannuna?"

Ni fa in tsoro ya kama ni, bakina ne yake fara gudu.

"Ba mu ɗauki komai ba. Ki caje mu in kina so."

"Ban ce kun ɗauka ba. Ta ina kuka shigo?"

"Ta ƙofa. Ƙofarmu ce ai, ta san mu."

"Ƙofarku?"

"A ɗakin nan aka haife ta," na nuna Auta. "Ke kika zo da kuɗinki aka kore mu."

Na jira mari. Na ma karkata kunci don ya sauka daidai.

Sai ta jingine lemar, ta zauna a kan akwatin ƙarfen nan, ta fara kwance igiyar takalmi.

"Ashe ke ce babbar," ta ce. "Mai sallama kamar an shaƙe ta."

Ta nuna Auta da baki.

"Wannan kuma ita ce mai 'ki ajiye min rabona.'"

"Kina... kina jin mu?"

"Asibiti nake aiki. Satin da nake aikin dare ba na nan. Satin da nake aikin rana kuwa, a bayan labulen nan nake shan shayina. Yarinya, ko kurma ya ji ƙanwarki."

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige.

"Me ya sa ba ki kore mu ba?"

Ta dubi Auta.

"Ina da 'ya kamarta. Tana can wurin mahaifiyata, tafiyar yini guda. Na kama gidan nan don yana kusa da aiki, na ce in na zauna daidai zan ɗauko ta. Sai haya ta cinye albashin, aikin dare ya cinye sauran. Wa zan bar wa ita in na tafi? Ga ɗaki can na share mata, ƙura ce take kwana a ciki."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta yi wata 'yar dariya.

"Ranar farko da na ji an ce 'Umma, sai mun dawo' a ƙofata, shayin ne ya ƙware ni. Daga baya kuma na fara amsawa."

"Amsawa?"

"A hankali. Nakan ce, 'Allah ya tsare, ku yi karatu.' Satin dare kuwa har haushi nake ji, don na san za a yi sallama babu mai amsawa."

Ni da na yi watanni ina tara mata zagi a cikina, na nemi ko ɗaya na rasa. Tausayinta ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi shi yawa.

Daidai nan hon ɗin motar makaranta ya karaɗe layin.

Na fizgo Auta, na cusa mata takalmi, na dama a hagu. Kafin mu kai ƙofa sai ga ƙwanƙwasawa. Direba ba ya sauka. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba Direba ba ne.

"Salamu alaikum, masu gida."

Muryar Malama Mai Tabarau ce, mataimakiyar shugaban makaranta, wadda in ta bi ta baranda har malamai suke gyara tsayuwa.

Ta shigo tana kakkaɓe ruwa. Ta bi ɗakin da kallo ta saman tabarau: katifa ɗaya, kofi ɗaya, takalmin babba ƙafa ɗaya.

"An kawo mana magana cewa wasu yara sun tashi daga unguwa amma suna hawa motarmu, shi ne nake bi gida-gida. Baiwar Allah, na san mahaifiyar yaran nan, ba ke ba ce. Tambaya ɗaya zan yi miki. A nan suke kwana?"

Na kafe Mai Jan Labule da ido. Da ido yana magana, da nawa ya durƙusa mata. Ki ce eh. Eh kawai, don girman Allah.

"A'a," ta ce. "Ba a nan suke kwana ba."

Jarabawar da nake karantawa da hasken tocila, da dukan asubar da muka sha, suka tafi a kalma ɗaya. A raina na ce ashe dai tsanar da na yi miki ba ta faɗi ƙasa ba.

Malama ta gyara tabarau.

"To, ke nan daga yau..."

"Ban gama ba, Malama. Jiya ba su kwana a nan ba. Daga yau a nan za su riƙa kwana."

Ta nuna ɗakin ciki.

"Ga ɗaki can babu kowa. Babbar ta isa ta kula da ƙaramar in ina aikin dare. Ranar hutu su tafi wurin iyayensu. Dokarku ta ce ɗan unguwa, ko ta ce sai wanda uwarsa ke unguwa?"

"Me kike a wurinsu?"

Kafin ta buɗe baki Auta ta riga ta.

"Antinmu ce. Bargonta ma yana da ɗumi."

Na rantse na ga bakin Malama Mai Tabarau ya motsa kamar za ta yi murmushi, ta dai danne abinta. Ta juyo kaina.

"Ke, daga ina kuke zuwa kullum?"

Na faɗa mata.

"A me?"

"A bayan motar burodi."

"Shi ya sa ajinku yake ƙamshi da safe," ta ce. Ta cire tabarau ta goge, ta daɗe tana gogewa. "Ba ni na kafa dokar ba, ba ni kuma da ikon karya ta. Amma yaron da yake kwana a unguwa ɗan unguwa ne. Gobe zan biyo motar nan. In na tarar da mahaifinku a ƙofar nan, ya ce min da bakinsa ya amince, magana ta ƙare. In ban gan shi ba, kada ku hau. Kin ji ni?"

"Na ji, Malama."

"To ku wuce mota, kun sa mun makara."

Ranar ban ji ko kalma ɗaya a aji ba. Malama ba ta san halin Baba ba. Ranar da aka fitar da kayanmu waje maƙwabta suna kallo, Baba ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka layin nan ba. Baba kuwa in ya ce a'a, har katako ya san ya faɗa.

Da yamma Mai Burodi ya mayar da mu. Muka tarar da Baba zaune a kan bulo yana miƙar da tsofaffin ƙusoshi da guduma, Umma tana matse katifar da yoyo ya jiƙa. Ban ko cire jaka ba na zazzage musu komai.

Umma ta dafe ƙirji.

"Kun shiga ɗakin mutane? Auta, a kan gadon mutane?"

"Katifa ce, Umma," in ji Auta.

Baba bai ɗago ba. Ya buga ƙusa, ya juya ta, ya sake bugawa.

"Ba ni da 'ya'yan bayarwa."

"Baba, ba bayarwa ba ne, kwana ne kawai..."

"Uwata," haka yake kirana, "na gaza biyan haya, na yarda. Amma ban gaza riƙe 'ya'yana ba. Ba za a ce matar da ta gaji ɗakina ita ce kuma take rufa muku bargo ba."

"To jarabawar fa?"

"Allah zai kawo wata hanya."

"Ai ita ce ya kawo, Baba!"

"Ke!" Umma ta daka min tsawa. "Da ubanki kike magana."

Hawaye suka zubo min, haushi kamar in fashe. Sai Auta ta matso ta dafa gwiwar Baba.

"Baba, Anti fa tana da kirki. Ta ce duk sallamar da nake yi tana amsawa."

"Wace sallama?"

Na ga Umma ta saki katifar. Baba yana fita aiki tun kafin mu tashi. Ya san da motar burodi, amma zancen sallama Umma ta hana mu faɗa masa.

"Auta, zo ki cire kayan makaranta," in ji Umma da sauri.

"Bar ta. Wace sallama, Auta?"

"Wadda Umma ta koya mana, don kada Direba ya gane. Ka ga, haka."

Ta gyara jakarta a baya. Ta je gaban fallen kwanon da muke tokare ƙofar kango da shi, ta ɗaga hannu sama, ta washe baki.

"Umma, sai mun dawo! Ki ajiye min rabona!"

Ta juyo tana jiran a yaba mata.

Baba ya dubi Umma.

"Kullum?"

"Kullum," in ji Umma, muryarta a ƙasa. "Me kake so in yi? In zaunar da su a gida su riƙa taya ni tara ruwa? Kai ka rantse ba za ka taka layin ba. Su kuwa ƙafarsu ba ta rantse ba, kullum suna can tsaye kamar marasa iyaye."

Ban taɓa jin Umma ta yi wa Baba magana haka ba. Shi ma da alama bai taɓa ji ba. Ya ajiye gudumar a hankali, ya tashi ya zagaya bayan kango. Har muka ci abinci bai dawo ba.

Da asuba na sa kayan makaranta, duk da ban san ko zan hau mota ba. Mai Burodi ya yi hon. Na kama hannun Auta muka zagaya bayan motar.

Baba yana ciki.

Ya sa rigarsa ta fita, ya naɗe dogayen ƙafafunsa tsakanin akwatuna, ƙunshin bargonmu a cinyarsa.

"Ku hau mana," ya ce, bai dube ni ba. "Ko sai an makara?"

Mai Burodi ya leƙo yana cewa ya dawo gaba akwai wuri. Baba ya ce a'a, inda suke zama nan zai zauna.

Ramin farko kansa ya bugi rufin motar. Na biyu akwati ya faɗo masa a kafaɗa.

"Baba, ba haka ake yi ba," in ji Auta. "Ka tokare da ƙafa nan, ka riƙe igiyar can. In an zo gada ka rufe baki, kada ka ciji harshe."

Baba ya yi yadda ta ce. Daga nan ya jawo ta ya ɗora a cinyarsa, ya rufe ta da hannu biyu, ya juya fuskarsa wajen akwatunan. Na ga kafaɗarsa tana motsi, na yi kamar ban gani ba. Daɗi ne ya cika ni, irin wanda yake zuwa da kuka.

Muna shiga layinmu na hango wata mota fara ƙal a ƙofar gidan. Na san ta. Kowa a layin ya san ta.

Alhaji Mai Gidaje ne tsaye, Anti a gabansa, ta dawo daga aiki da wuri, da kofin shayi a hannu. Magana ba ta kwana a layin nan, wani ya riga ya kai masa.

"Mutum ɗaya na ba haya!" yake cewa, maƙwabta sun fara leƙowa. "In za ki tara min jama'a a gida, ki ƙara kuɗi ko ki kwashe kayanki!"

"Yara biyu ne, Alhaji. Ɗakin da nake biya ne za su kwana a ciki."

Baba ya sauko. Ya tsaya ya dubi kwaltar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, sannan ya miƙo min Auta.

"Uwata, riƙe min ita."

Ya saɓa ƙunshin bargon, ya nufi ƙofar.

"Alhaji, barka da asuba. A rage murya, akwai yara."

Alhaji ya waiwayo.

"Kai ne? Ba ka tashi ba?"

"Na tashi. Su ne suka dawo, makaranta za su."

Ya miƙa wa Anti bargon da hannu biyu.

"Baiwar Allah, ga amana. Ƙaramar tana yaye rufa cikin barci."

Daga kwanar layi motar makaranta ta ɓullo, Malama Mai Tabarau zaune a gaba kusa da Direba.

Alhaji ya sa hannu a aljihu, ya zaro sabon kwaɗon kulle ƙofa, ya kama mariƙin zai jawo.

Baba ya ɗora ƙafarsa a kan dokin ƙofar.

"Sai dai ka kulle da ƙafata a ciki."